Yaya ake roƙon wasiƙar shaida a wurin farfesan da ko sunanka bai riƙe ba?

Bakatsiniya_Ohio
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa ban taɓa magana ba, yau dai abin ya ci min tuwo a ƙwarya. Ina shekara ta uku a jami'a a nan Amurka, baiyoloji nake karantawa, kuma in Allah ya yarda bana zan cike AMCAS, wato tsarin da ake bi ta intanet a miƙa takardun neman shiga, in nemi makarantar likitanci. Makarantun da nake dubawa yawancinsu wasiƙa uku suke so: biyu daga malaman kimiyya, ɗaya daga malamin wani fannin daban. Matsalata ita ce, azuzuwan kimiyyarmu mun fi mutum ɗari biyu a ɗaki ɗaya. Na ci A a kemistirin oganik, na ci A a jinetiks, amma ban taɓa taka ofishin ko ɗaya daga cikin malaman ba. Makon jiya na haɗu da malamin oganik ɗin a bakin lif, na gaishe shi, ya amsa da fara'a, amma wallahi daga idonsa na gane bai san inda ya taɓa ganina ba. Yanzu muna Fabrairu. Da wane ido zan je in ce ya rubuta min shaida? Kunya nake ji ƙwarai, gani nake kamar roƙo ne a wurin wanda ban taɓa yi wa komai ba. Waɗanda suka bi ta hanyar nan, don Allah ku taimaka min.

DanZazzau_Houston
Wa'alaikumus salam. Kafin komai, jami'arku tana da kwamitin masu shirin karatun likita, wanda yake rubuta wa ɗalibi wasiƙar shaida da sunan jami'a? In tana da shi, gobe-goben nan ki je ofishinsu. Wasu tun farkon shekara suke rufe karɓar suna, kuma in jami'a na da kwamiti ba ki bi ta hannunsu ba, makarantu da yawa sai sun tambaye ki dalili.

Bakatsiniya_Ohio
Akwai ofishin ba da shawara, amma sun ce ba sa rubuta wasiƙar kwamiti. Tattara wasiƙun kawai suke yi su aika a dunƙule.

LikitanYara_MN
Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, ba ki makara ba, amma kuma ba ki da lokacin ɓatawa. Na bi ta nan shekarun baya, kuma irin kunyar nan taki ita ta kusa kayar da ni. Mu an rene mu a kan cewa yaro ba ya zuwa ya tsaya a gaban malami haka kawai, sai in an kira shi. Su kuma a nan, wanda bai zo ofis ba ɗauka suke yi bai damu ba. Sa'o'in nan da malami yake rubutawa a takardar tsarin kwas, ya ce yana ofis ranar kaza daga ƙarfe kaza, aikinsa ne, a cikin albashinsa yake. Rubuta wasiƙar ma haka. Ba alfarma ce ta fita hankali kike nema ba.

Ga yadda zan yi in ni ce ke. Ki tura masa gajeren imel, ki faɗi sunanki, kwas ɗin da kika yi da shi da zangon, ki nemi minti goma sha biyar ki zo ofis. Kada ki roƙi wasiƙar a cikin imel ɗin, zuwa da kai ya fi saƙo. In kin je, ki tafi da takardar sakamakonki, da takardar tarihin ayyukanki, da daftarin bayanin da kika rubuta a kan dalilin da ya sa kike son likitanci, ko da bai gama nuna ba. Ki ba shi labarinki kamar yadda kika ba mu. Sannan tambayar da za ki yi ita ce mafi muhimmanci: kada ki ce "za ka rubuta min?", ki ce "kana ganin ka san ni yadda za ka iya rubuta min wasiƙa mai ƙarfi?" Wannan kalmar ta ƙarfi ƙofa ce kika buɗe masa. In ba zai iya ba zai fita ta nan ba tare da kowa ya ji kunya ba, ke kuma kin tsira daga wasiƙa mai sanyi.

Ki ba shi aƙalla wata ɗaya da rabi. AMCAS a farkon Mayu ake buɗe ta, wajen ƙarshen Mayu a fara miƙawa, ƙarshen Yuni su fara tura wa makarantu. Afrilu da Mayu kuma lokacin jarrabawa ne da makin takardu, malamai ba sa ganin gabansu. Shi ya sa na ce yanzu.

Abu_Hanifa_BUK
Ikon Allah. Mu nan gida JAMB ce da Post-UTME, maki ya kai ka shiga, ka yi shekara shida ka fito da MBBS. Ba wanda ya ce ka kawo shaidar malami. Ni a ganina wannan tsarin nasu ƙofar son kai ce kawai. Wanda ya iya shige wa malamai shi zai samu, mai kawaici ya tashi a tutar babu.

DanZazzau_Houston
Malam Abu Hanifa akwai gaskiya a maganarka, amma ka tuna a nan sai ka gama digiri na farko, shekara huɗu, kafin ka shiga likitanci wata shekara huɗun. Masu nema kuma da yawansu makinsu ya yi kyau, MCAT ɗinsu, wato jarrabawar shiga likitanci, ya yi kyau. To da me za a bambance? Suna son wanda ya ga yadda kake aiki da mutane ya faɗa da bakinsa.

Abu_Hanifa_BUK
Na ji. Amma dai har yanzu ban gamsu cewa adalci ne ba. Allah ya ba ta sa'a.

Malama_Kimiyya
Bari in yi magana daga ɗaya ɓangaren teburin, domin ina koyar da kemistiri a wata ƙaramar kwaleji a nan, kuma duk shekara ina rubuta irin waɗannan wasiƙu.

Abin da yake ba ni wahala shi ne ɗalibin da abin da na sani a kansa makinsa ne kawai. In na zauna rubutu, me zan ce? "Ta yi kwas ɗina, ta ci A, tana cikin na sama a aji." Wannan ai yana cikin takardar sakamako, kwamitin ya riga ya gani. Abin da suke nema a wurina shi ne abin da takardar ba ta nuna ba. Akwai wata ɗaliba da na taɓa rubuta wa, makinta B ne a wurina. Amma na tuna ranar da gwajinsu ya lalace a ɗakin gwaje-gwaje, abokin aikinta ya ce su rubuta lambar da ake sa ran samu su wuce, ita ta ƙi, ta rubuta abin da ya fito, ta dawo ranar Juma'a da yamma ta sake gwajin ita kaɗai. Da wannan labarin na buɗe wasiƙar, kuma ban sha wahalar cika shafi biyu ba.

Saboda haka 'yata, ki taimaki malaminki. Ki rubuta masa shafi ɗaya: wane darasi ne ya ba ki wuya a kwas ɗinsa kuma yaya kika yi da shi, wane aiki kika miƙa da kike alfahari da shi, me kike yi a wajen aji. AAMC, ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, tana da takardar jagora ga masu rubuta wasiƙa, tana shafinsu, ki buga ki haɗa masa. Sannan ki tuna masa abu biyu da malamai ke mantawa: a rubuta a takarda mai tambarin jami'a, kuma a sa hannu. Makarantu suna ƙin karɓar wasiƙa saboda rashin waɗannan.

Kuma ba ki gaya mana komai a kan zangon nan da kike ciki ba. Malaman da suke koyar da ke yanzu fa? Daga yau zuwa Mayu wata uku ne. In kina zuwa ofis duk mako da tambaya ta gaske, ba ta neman a gan ki ba, wata uku sun isa mutum ya san ki.

Bakatsiniya_Ohio
Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Zangon nan ina yin bayokemistiri da fiziyoloji. Ajin fiziyolojin ƙarami ne, ba mu kai arba'in ba, kuma malamar tana kiran sunana. Ban taɓa kawo ta a raina ba saboda ba cikakkiyar farfesa ba ce, lakcara ce kawai.

Malama_Kimiyya
To ai ga wasiƙarki ta farko nan. Lakcara da ta san ki ta fi shugaban sashe da bai san ki ba.

Sarkin_Yaƙi07
A nan kam ban yarda gaba ɗaya ba. Suna yana aiki. In farfesa sananne ne a fanninsa, 'yan kwamitin sun san shi, kalma ɗaya daga gare shi ta fi shafi biyu daga wanda ba a sani ba. Haka duniya take ko'ina.

LikitanYara_MN
@Sarkin_Yaƙi07 in digirin bincike mutum yake nema, ko haɗakar digirin likita na MD da PhD, maganarka tana da nauyi, don can sunan wanda ka yi bincike a ƙarƙashinsa ana dubawa. Amma masu karanta takardun shiga likitanci likitoci ne da ma'aikatan ofishin ɗaukar ɗalibai, wani lokaci har da ɗaliban makarantar. Likitan fiɗa ba lalle ya san wane ne babba a kemistirin oganik ba. Abin da ke cikin wasiƙar zai karanta.

Alhaji_Baban_Yara
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ba ɗalibi ba ne, uba ne, ɗana yana aji biyu a jami'a yana son wannan hanya, shi ya sa nake bibiya. Tambaya biyu gare ni. Ta farko, ina da amini likita ne a nan garin, tun yaron yana goye ya san shi, ba zai rubuta masa ba? Ta biyu, in za a je wurin farfesa ba a riƙe masa ɗan wani abu? A tarbiyyarmu ba a zuwa wurin babba hannu rabbana.

DanZazzau_Houston
Baba barka da warhaka. Ta farko: in yaron bai yi aiki a ƙarƙashinsa ba, kada a sa shi. Wasiƙar ɗan'uwa ko aminin gida ba sa ɗaukarta da nauyi, wasu makarantun ma sun rubuta ƙarara ba sa so. In kuwa ya bi shi asibiti wata da watanni yana kallon aikinsa, wannan daban, amma duk da haka ba za ta maye gurbin ta malaman aji ba. Ta biyu: don Allah kada a kai komai kafin a rubuta. Zai sa malamin cikin takura, wani ma zai ɗauka toshiya ce. Bayan an gama, katin godiya da yaron ya rubuta da hannunsa ya wadatar.

Malama_Kimiyya
Gaskiya ne Baba. Ni abin da ya fi faranta min rai shi ne ɗalibi ya dawo ya ce min an ɗauke shi. Da yawa ba sa dawowa, sai in yi ta tunanin ko yaya ta kaya.

Alhaji_Baban_Yara
Madalla. Allah ya yi muku albarka, na ƙaru.

Gwaggo_ta_London
Mu a Ingila abin ya fi sauƙi ta wannan fuskar. UCAS, hukumar da ake neman jami'a ta hannunta, shaida ɗaya take karɓa, yawanci daga makarantar da yaro ya gama, kuma 15 ga Oktoba ake rufe neman likitanci. Makaranta huɗu kawai za ka zaɓa na likitanci. Wahalarmu tana wurin jarrabawar shiga likitanci ta UCAT da ganawa.

Mai_Haƙuri_TX
Ni gargaɗi na zo da shi, don abin da ya same ni ba na fatan ya sami kowa. Shekarar farko da na nema, wani farfesa ya ce min "ba damuwa, zan rubuta" tun watan Maris. Na saki jiki. Na miƙa takarduna a Yuni, na amsa tambayoyin zagaye na biyu da makarantu ke aikowa a Yuli, na biya kuɗinsu. Ina ta jiran kira shiru. Sai a ƙarshen Agusta na duba da kyau na ga makarantu sun rubuta fayil ɗina bai cika ba, wasiƙa ɗaya ba ta iso ba. Na tura imel uku ba amsa. Ashe mutumin ya tafi hutun bincike wata ƙasa. Sai Oktoba ya aika. Makarantun nan kuwa yawancinsu bi da bi suke duba fayil suna rabon gurbin ganawa, wanda ya cika da wuri shi ake fara gani. Shekarar nan ko ganawa ɗaya ban samu ba. Ba zan ce wasiƙar ce kaɗai ba, makin MCAT ɗina ma bai yi ƙarfi ba, 506 ne lokacin, amma jinkirin ya cuce ni.

Abin da na koya: ki nemi mutum huɗu ko biyar ko da uku ake bukata. AMCAS tana ba ki gurbi har goma, kuma ke kike zaɓar wacce za ta je wace makaranta. Ki ba malami ranar ƙarshe da ta riga ta gaskiyar da mako biyu ko uku. Ki tambaye shi tun farko ko zai yi tafiya. Kuma tunatarwa ba rashin kunya ba ce, ni kunyar tunatarwar ce ta ja min.

Wani abu kuma, AMCAS ba ta ajiye wasiƙa daga shekara zuwa shekara. Da na sake nema sai da aka sake aikawa. Karo na biyu a Interfolio, wani shafin ajiye wasiƙu, na tara su, ana biyan ɗan kuɗi, amma wasiƙar tana nan ajiye, kina gani ko ta iso, ki tura inda kike so. Ga masu neman makarantun gwamnati na Texas kuma ku sani tsarinsu daban ne, TMDSAS ake kiransa, wasiƙa uku suke so ko ta kwamiti.

Bakatsiniya_Ohio
Innalillahi. Sannu Yaya, Allah ya sa hakan ya zama alheri. To in wasiƙun ba su iso ba, sai in jira kafin in miƙa?

Mai_Haƙuri_TX
A'a, kada ki jira. Ki miƙa da wuri a fara tantance takardunki, wasiƙu suna iya biyo baya. Ki dai tabbata sun shiga kafin ki gama amsa tambayoyin zagaye na biyu. Kuma ki ba kowane malami takardar nan da AMCAS ke fitarwa mai ɗauke da lambarki da lambar wasiƙar, in ba haka ba wasiƙar na iya shiga ba a san ta wace ce ba. Alhamdulillah, yanzu ina aji biyu a makarantar likitanci.

Ɗan_Maradi
Tambaya a gefe. Ni wani malami ya taɓa ce min in rubuta da kaina in kawo ya sa hannu. A wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne. Laifi ne a can?

Sarkin_Yaƙi07
A nan ma ana yi, ba a dai faɗa. In ya karanta ya yarda ya sa hannu, ai maganarsa ce.

Ummu_Sumayya
Ni dai zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Shaida ce fa. Waɗanda za su karanta sun ɗauka malamin ne ya zauna ya faɗi abin da ya gani, kuma sun ɗauka ɗalibin bai gani ba. In kai ka yabi kanka aka sa sunan wani a ƙasa, an yaudare su ko da duk abin da ke ciki gaskiya ne. Kuma aikin da ake nema aikin amana ne, ran mutane za a damƙa maka.

Malama_Kimiyya
Ina tare da Ummu Sumayya. Akwai hanya ta tsakiya da nake bi: ɗalibi ya kawo min bayanai a jere, abin da ya yi da ranakun da ya yi, ni in rubuta da kalmomina in ƙara hukuncina. In malami ya ce ka rubuta duka, ka ce masa za ka kawo bayanan. In ya nace, alama ce ba shi da abin faɗa a kanka, ka nemi wani. Ga shi kuma salon rubutunka yana cikin bayaninka na neman shiga, mai karatu da ido zai ga hannu ɗaya ne.

Ɗan_Maradi
To batun sa hannu cewa ka yafe haƙƙin ganin wasiƙar fa? Ni tsoro yake ba ni. In ya rubuta sharri ban sani ba?

LikitanYara_MN
Akwai dokar 1974 da ake kira FERPA, ita ta ba ɗalibi damar ganin bayanan da makaranta ta ajiye a kansa, shi ya sa ake tambayarka ko ka yafe. Ka yafe. Wasiƙar da aka san ɗalibi zai karanta ba a yarda da ita kamar ta sirri, wasu malaman ma ba za su rubuta ba sai ka yafe. AMCAS kanta ba ta nuna wa mai nema wasiƙunsa ko ta halin ƙaƙa. Maganin tsoron naka yana wurin zaɓen mutum, da tambayar nan da na faɗa a sama. Sharri ƙarara ba kasafai ake rubutawa ba, wasiƙa mai sanyi ita ce abin gudu.

Bakatsiniya_Ohio
Jama'a na dawo da labari. Ranar Talata na je wurin malamar fiziyoloji. Tun kafin in gama magana ta ce da farin ciki, har ta tuna tambayar da na yi a kan aikin ƙoda a mako na biyu. Na fito ina hawaye a matakala. Malamin tarihin Afirka da na yi kwas biyu da shi shi ma ya amsa imel ya ce in zo.

Jiya kuma na je wurin na oganik. Hannuna har rawa yake da na ƙwanƙwasa. Ya karɓe ni da kyau, ya buɗe kwamfuta ya duba sunana, ya ce makina yana cikin na sama. Da na yi tambayar kamar yadda Yaya LikitanYara ta koya min, ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce gaskiya bai san ni ba, abin da zai iya rubutawa shi ne matsayina a aji da wuyar kwas ɗin. Amma ya ce in mataimakin da ya kula da mu a ɗakin gwaje-gwaje ya tuna ni, su biyu za su iya haɗuwa, mataimakin ya rubuta abin da ya gani, shi ya ƙara nasa su sa hannu tare. Mataimakin ɗalibin PhD ne, kuma ya san ni sosai, ni nake tsayawa in taya shi wanke kwalabe bayan an tashi. In karɓi wannan, ko in zuba ƙarfina a kan malamin bayokemistiri na zangon nan?

DanZazzau_Houston
Karɓi. Wannan hanya ce sananniya, makarantu da yawa suna amincewa in dai farfesan ya sa hannu. Mutumin ma ya yi miki adalci da ya faɗi gaskiya.

Mai_Haƙuri_TX
Ki yi duka biyun. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma ki duba shafin kowace makaranta, akwai masu cewa sai malamin da ya ba ki maki da kansa, akwai kuma masu iyakance yawan wasiƙun da za su karanta.

Sarkin_Yaƙi07
Ni da na bayokemistiri zan fi mayar da hankali. Wasiƙar haɗin gwiwa tana nuna farfesan bai san ki ba, ko an so ko ba a so ba.

Malama_Kimiyya
Tana nuna hakan, amma masu karatu sun san yadda ajin mutum ɗari biyu yake. Na sa hannu a irinta, kuma wasu sun fi waɗanda na rubuta ni kaɗai armashi, domin mataimakin shi ya tsaya a kan ɗalibin awa uku duk mako. Ki tambayi mataimakin yaushe zai kare kundinsa, kada ya gama ya bar garin kafin ya rubuta.

Ummu_Sumayya
Ƙanwata in kina da niyyar neman makarantun DO ma, wato masu ba da ɗaya digirin likitan da ake yi a Amurka ban da MD, ki fara neman likitan da za ki riƙa bi asibiti tun yanzu, don da yawansu suna son wasiƙar likita, kuma ta tsarinsu na AACOMAS ake nema ba AMCAS ba.

Bakatsiniya_Ohio
Ban yi tunanin DO ba tukuna Anti, zan duba. Na tura wa mataimakin saƙo yanzu, ya ce a watan Mayu zai kare kundinsa, in same shi ranar Litinin bayan azahar. Na bayokemistiri kuma Laraba yake zama a ofis, ina da tambaya ta gaske a kan darasin makon nan, da ita zan fara.

Alhaji_Baban_Yara
Allah ya ba da sa'a 'yata. Na tura wa yarona duk wannan. Malama, shi da yake aji biyu, yanzu zai nemi wasiƙar a ajiye, ko ya bari sai shekarar da zai nema?